Cinikin Inna Dije a Kukawa

Ku matso nan inuwa, ku bar shafa jakin nan haka, ba amarya aka kawo muku ba. Tun ɗazu nake jin ku. Kai Sale, ba kai ka ce madugu ba ya komai sai hawa doki da cin kajin mutane a zango ba? Na ji ka sarai, ƙafafuna ne suka gaji, kunnena yana nan garau. To, tunda kun rantse bana sai kun bi ayari zuwa Barno kun ga duniya, ku zauna in gaya muku abin da ake biyan madugu saboda shi, kada ku je ku ba Birnin Kudu kunya a ƙasar mutane.

Aikin farko da aka ba ni a gidan Madugu Na-Allah, wanda ya koya mini sana'ar nan, ɗinkin mangala ne. Ya miƙo mini basilla da igiyar rama, ya ce in ɗinke bakin da ya farke. Na ɗinke, na kai masa ina washe baki. Ya sa yatsa ɗaya ya farke shi, ya ce in sake. Sai da na kusa kuka kafin ya gaya mini dalili. Ya ce in kuɗin wuri yana zuba a hanya ɗaya bayan ɗaya, ba wurin da ya zube ne abin ji ba, abin ji shi ne mutumin da zai tsince shi ya biyo sawunku har zango, ya san akwai sauransa a gaba. Daga nan ya koya mini ɗaura akumari yadda ba zai ci bayan jaki ba, don jaki ɗaya mai gyambo yana iya tsayar da ayari guda a dajin da ba a tsayawa. Ya koya mini shinshinar salka kafin a zuba ruwa, da dabaibayin da ɓarawo ba zai kwance da hannu ɗaya ba. Na daɗe ina cin ƙurar jakuna kafin ya yarda in taɓa linzamin doki, ku kuma kuna so ku fara daga kan dokin.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kayar da baƙo. Ku a nan kun buɗe ido kun ga wuri shi ne kuɗi, kun ɗauka haka yake ko'ina. A lokacin da nake ba ku labari, wuri bai daɗe da shiga kasuwar Kukawa, babban birnin Barno, ba, ƙauyukan hanya kuwa ba ruwansu da shi. Na ga wani mutumin Gwaram da jaki cike da wuri, yunwa na cinsa, ya kasa sayen ƙwaryar nono. Mai nonon ta juya wurin a tafin hannunta, ta ce in ya ga dama ya bar mata kaɗan ta yi wa 'yarta ado a kitso. Su gabaga suka sani, farin saƙin nan siriri, shi ake aunawa a ba ka abinci. Babban ciniki kuwa sai riguna da turkuɗi, shuɗin zanen nan mai ƙyalli, ko liyari, azurfar nan mai kan mace. Ita ma liyarin, in aka ba ka, ka sake ta a kan dutse ka saurari ƙararta kafin ka ce ka karɓa.

Mugunyar shekararmu ita ce shekarar da mahara daga duwatsun kudu suka matsa mana. Ba ayarin da ya fita. Na sayar da rabin jakunana muka ci, sauran suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Mu dai namu da sauƙi, dukiya ce. A Zandam mutane aka kwashe daga gona ana tsakiyar yankan dawa, wasu har yau ba labarinsu.

Bayan wasu shekaru, hanya ta lafa, ina tsakar gida ina duba kofaton jakuna, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, ƙanin mijinta yana biye da ita da jakuna biyu. Sunanta Inna Dije, mutuniyar Zandam, daga Fulanin nan da suka zauna suka kama noma har Hausa ta zama bakinsu. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ka ji a jikinka. Ɗanta yana cikin waɗanda aka kwashe. Wani mai fataucin kanwa ya gan shi a Kukawa yana aiki a gidan wani attajiri, ya kawo mata labari, sannan ya wuce Gwanja abinsa. Ɗan farinta ne, don haka ko sunansa ba ta kama ba, sai ƙanin mijin ne ya ce mini Jibo ake ce masa. Ta sayar da shanunta kaf, ga wurin nan a kan jakuna, ta zo in kai ta ta karɓo shi.

Na ce, "Inna, ki zauna a gida, ki ba ni amana in je."

Ta ce, "Ka san shi?"

Na ce ban san shi ba.

Ta ce, "To da wa za ka dawo mini? Yana saurayi aka tafi da shi, yanzu ya yi gemu. Ni ko a bayansa na gan shi zan gane."

Sai na ce to, amma wurin nan ba zai bi mu ba, gobe ranar kasuwa za mu mayar da shi turkuɗi da riguna. Wallahi sai ta miƙe tsaye. Ta ce, "Madugu, in sayar da saniya mai numfashi in sayi tsumma?" Na sha fama kafin ta gane cewa abin da jakuna biyu ke nishi da shi, in ya zama tufa mutum ɗaya zai rungume shi, kuma duk zangon da muka ƙara gabas darajarsa ƙaruwa take. Muka raba kayan wuri uku. Wasu a cikin kayana, wasu a ƙasan mangalarta muka danne da daddawa, don ba ɓarawon da ke son tona daddawa, sauran ta naɗe a jikinta ƙarƙashin tsohon zane. Na ware mata 'yar gabaga daban ta sayen abinci, don kada a taɓa ganin ta kwance babban ƙulli a gaban mutane. Na kuma ce mata duk wanda ya tambaya, ta ce daddawa za ta kai kasuwa. Ko 'yan ayarinmu ban yarda su san gaskiya ba, don magana tana riga ayari isa gari, har yau ban san ta inda take bi ba.

Muka tashi ta Gwaram, muka wuce Shira, muka bi ta ƙasar Katagum muka shiga Barno. Na yi tafiya da malamai da attajirai, ban taɓa samun wanda ya kiyaye dokar hanya kamar tsohuwar nan ba. Na ce kada a ware daga ayari ko don kama ruwa sai an gaya wa wani, ba ta taɓa warewa ba. Na ce in an isa rijiyar mutane a tsaya a yi gaisuwa a nemi izini kafin a zura guga, ita ce take riƙe samarinmu in ƙishi ya sa sun manta. Na koya mata gaisuwar Barebari, na ce baƙon da ya iya gaisuwar gari ya rage wa kansa rabin wahala. Af, sai ta kama "wushe, wushe" ba ji ba gani, kowa ta gani wushe, har wani raƙumi da ya leƙo ta kan danga sai da ya samu tasa.

A ƙofar Kukawa, ku riƙe wannan da kyau, za ku ga mutane sun taso muku da Hausa zaƙwai a bakinsu. Wannan ya ce shi ɗan Kano ne, wancan ya ce kakarsa 'yar Birnin Kudu ce, ku zo ya musanya muku kaya da liyari cikin rahusa, ku zo ya kai ku masauki. Ku amsa gaisuwa, ku ci gaba da tafiya. Baƙo ba shi da kowa a garin nan sai fatomansa, wato maigidan da ke saukar da fatake. Nawa fatoman Ba Modu ne, wani ƙaton Babarbare mai dariya kamar ana mirgina turmi, tun zamanin Madugu Na-Allah a gidansa muke sauka. Al'adar ita ce, da kun sauka ka kwance duk abin da ka zo da shi a gabansa da shaidu, ka damƙa masa. In ya ɓata a hannunsa shi zai biya. Abin da ka ɓoye masa kuwa, in aka sace, ko gaban alƙali ka je za a ce ba ka shigo garin da shi ba.

Nan ma sai da aka yi daru. Inna Dije ta ce, "Ni in ɗauki dukiyata in ba Babarbare?" Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ba Modu ya fashe da dariya ya ce, "Madugu, ina ka samo mini wannan baiwar tawa mai tsaurin ido?" Ta ce, "Bawa dai, ka ga uwargijiyarka ko tabarma ba ka shimfiɗa ba." Kafin a kawo ruwa sun saba. Ta shiga ɗaki ta kwance na jikinta, ta kawo ta ajiye a gabansa.

Ba Modu ya bi sawu a hankali, ya dawo mana da labari iri biyu. Jibo yana nan da ransa, yana fasa kanwa yana ɗora wa raƙuma a gidan wani attajiri. Amma ayarin masu ƙetare hamada yana shirin tashi, kuma attajirin ya fara maganar haɗa shi da su. Wanda ya bi wannan hanya ya tafi ke nan. Na ce mu kai ƙara, ai ɗa ne, Musulmi ɗan Musulmi, sayar da shi haramun ne tun farko. Ba Modu ya ce gaskiya ne, amma ina shaidunmu? Suna Zandam. Kafin a kawo su yaro ya yi nisa cikin rairayi.

Sai ya juya ga Inna, wannan karon ba dariya. Ya ce abin da ta kawo zai sayi bawa a kuɗin kasuwa, da ƙyar. Amma in mai shi ya gane cewa uwa ce ta zo fansar ɗanta, kuɗi ya ninka nan take, haka ake yi, kuma ba mai sauko da shi, don ya san ba za ta iya juya baya ba. Dole ne ta je, don ita kaɗai za ta tabbatar shi ne. Amma za ta je a matsayin tsohuwa mai daddawa da ke neman bawan da zai yi mata noma. Ba kuka, ba salati, ba rawar murya. Ko numfashinta ya sauya, an gama.

Ni kam na ga manyan maza sun rushe a irin wannan wuri. Na ce, "Inna, za ki iya kuwa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta iya dama fura. Ta ce, "Madugu, ɗan fari ne fa. Tun ranar da aka yanke masa cibi ban taɓa kallonsa a gaban mutane ba. A gaban kakarsa ya faɗi ya fasa goshi, ina zaune ina kaɗi, ban ɗaga kai ba. Abin da na yi shekara da shekaru ina yi, shi za ka koya mini yau?"

Da hantsi muka je, Ba Modu a gaba yana yi mana tafinta. Attajirin wani gajere ne mai ƙananan idanu, irin mutanen da ba sa kallon kaya, fuskar mai saye suke kallo. Ya sa aka fito da mutum uku. Na tsakiyan dogo ne, kanwa ta cinye masa tafin hannu, duk ya yi fari fat da ƙura. Ya ɗago kai ya ga tsohuwar. Na ga ya gane ta, na ce a raina shi ke nan, mun mutu. Sai kawai ya sunkuyar da kai ya kawar da fuska gefe, yadda ɗan fari ke yi in ya yi kiciɓis da uwarsa a hanya. Shi ma da abin aka rene shi.

Inna Dije ta fara da na farko, ta duba shi tsaf, ta tambayi kuɗinsa. Ta tsallake Jibo ta je kan na uku, ta daɗe a nan. Sannan ta dawo tana taɓe baki, ta gyara ɗaurin kallabinta, alamar da muka shirya ke nan in shi ne. Ta ce, "Wannan na tsakiyan fa? Ko da yake ramammen nan ina zai iya riƙe garma. Ba ku ba shi abinci ne?"

Attajirin ya dube ta, ya dubi Jibo, ya sake dubanta. Ya yi magana da Barbarci, Ba Modu ya fassara: wai yana ganin kamar hancinsu iri ɗaya. Ba Modu bai jira ta amsa ba, ya ce ai Fulani duk hanci ɗaya aka raba musu, shi ya sa ba su da wani abin kirki bayan shi. Aka yi dariya, amma ban da attajirin. Ya tashi a hankali, ya ɗauki bulalar raƙumi, ya zuba wa Jibo a kafaɗa ba laifin komai, idonsa ƙur a kan tsohuwar.

Jama'a, ni na runtse ido. Wallahi na runtse. Da na buɗe sai na ga Inna Dije tana kakkaɓe ƙurar kanwa daga zanenta. Ta ce wa Ba Modu, "Gaya masa in zai lalata kaya ya bari sai na tafi. Wannan shatar da ya yi masa, a rage mini kuɗinta."

Nan attajirin ya saki jiki, ya ajiye bulala, aka shiga ciniki na sosai. Ta taya, ya ce albarka. Ta miƙe za ta tafi, har ta kai zaure, ni ina bin ta, sai ya sa aka kira mu. Duk da haka sai da turkuɗi da riguna suka ƙare kaf, aka nemi ciko, ta ce a haɗa da jakin da take hawa. Aka tafa, shaidu suka shaida.

Kada ku ɗauka an gama. Ba Modu ya gargaɗe mu cewa muddin muna ƙasar Barno, in maganar ta fita, mutumin zai iya tayar da ciniki ya ce an rufe shi. Don haka Jibo ya bi bayan jakuna kamar kowane sayayyen bawa, ita kuma tana gaba, a ƙasa, don ɗaya jakin tun a gida ƙanin mijinta ya koma da shi. Na ba ta dokina ta ce ba ta hawa abin maza. Ƙafafunta suka kumbura suka tsattsage. Kullum in mun sauka sai in ga an ajiye ruwan ɗumi a bakin inda take zama, ba a san wanda ya ajiye ba. In an raba tuwo kuma sai in ga rabin nata ya koma ƙwaryarsa, ita ma ba a san wanda ya mayar ba. Da muka fita daga Barno, na tara ayari na gaya musu gaskiya, maza suka yi ta kabbara, mata suna guɗa. Su biyun kuwa ko kallon juna ba su yi ba. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina wannan kunya tasu ta yi yawa.

Ruwan farko ya riga mu isa wani kogi da ke kan hanyarmu ta gida. Da za mu tafi a busasshen yashi muka taka shi, yanzu ya kawo har ƙirji, yana ja. Dole a sauke kaya a ɗauka a ka, a ja jakuna, tsofaffi kuma a goya su. Ni na riga na haye da dokina don in duba mafita. Inna Dije ta tsaya a wancan bakin da sandarta, ta ɗaga murya ta ce, "Madugu, turo mini wani ya ƙetar da ni."

Akwai ƙarti a ayarin nan da za su ɗauke ta da hannu ɗaya. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Allah ya yi musu albarka, suka gane. Nan take kowa ya samu jakin da ya ƙi shiga ruwa, wanda ba shi da jaki ya kama gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Na ce, "Inna, kin ga kowa hannunsa a cike. Sai dai wancan da ke tsaye a bayanki."

Ta ce, "Ba wani?"

Na ce, "Babu, Inna, kuma ruwan ƙaruwa yake."

Jibo ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ba ta baya. Ta daɗe tana kallon bayan nan mai shatar bulala, sannan ta jefar da sandar ta hau. Ya shiga ruwa a hankali. Da suka kai tsakiya, inda ba mai jin maganarsu saboda ƙugin ruwa, sai ya tsaya cak. Wani daga cikin mutanena ya buɗe baki zai yi masa tsawa, na ce in ya kuskura sai na jefa shi kogin. Daga inda nake ina hango ta, ta kifa fuskarta a wuyansa, hannunta ɗaya yana shafa kansa, yana shafa gemun da ba ta ga fitowarsa ba, kafaɗun su biyun suna girgiza. Ayari guda muka tsaya, mutum da dabba, ba wanda ya yi tari.

Da suka fito ya sauke ta a kan yashi, ya koma gefe ya juya baya. Ta matse bakin zanenta, ta gyara kallabi, ta zo ta wuce ta gabana tana share fuska.

Ta ce, "Madugu, kogin nan naku ba shi da kirki, duk ya watsa mini ruwa a ido." Ta yi taku biyu ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Ka ce wa yaron nan ya riƙa cin abinci. Ƙasusuwansa duk sun soke ni a ƙirji."

Na ce to, Inna, zan gaya masa. Ni kuwa da na daɗe a kan tudu, ban san yadda aka yi ruwan nan ya iso nawa idon ba.